Burs ba bashi ba ne, a daina tsorata yara

Jiya a fada nan Tawa na ji wani dattijo yana cewa shi ɗiyarshi ba za ta ajiye dosiyen burs, wato takardun neman tallafin karatu na gwamnati, ba, wai in ta gama karatun malanta gwamnati za ta bi ta bashi. Wallahi abin ya dame ni, don yarinyar ta samu BAC, jarabawar gama sakandare, kuma ENS, makarantar horar da malamai ta jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, take son shiga.

Baba, burs tallafi ne, hukumar ANAB ke kula da shi, ba a cewa ka maido kuɗin wata-wata bayan ka fara aiki. Bashi shi ne wanda ka je banki ka sa hannu, wannan kam sai ka biya har da kuɗin ruwa, ko ka samu aiki ko ba ka samu ba.

Amma fa burs ba kowa ake ba ba, akwai sharuɗɗa, ana duba sakamako da shekaru, kuma kuɗin kan yi jinkiri, na ga ɗalibi yana jiƙa gari da sukari yana jiran biya. To in za ta tafi a haɗa mata ɗan guzuri na watannin farko, takardun kuma a kai su kan lokaci.