Wa zai kwashe ledojin nan?

Shekaranjiya aka yi taron siyasa a filin idin ƙauyenmu, kusa da Ringim. Motoci suka tada ƙura suka tafi, aka bar mana ledojin fiya wata, robobin lemo da ɓawon rake, fili kamar juji.

Jiya na tarar da akuyar Inna tana taunar leda. Duk wanda ya taɓa ganin mahauci ya ciro dunƙulen leda daga tumbin dabba ya san zafin da nake ji. Ramewa take yi har ta mutu, ga sauran ledojin iska na watsa su cikin gonaki.

Wanda ya tara jama'a shi zai share. Kun biya kuɗin rumfa da lasifika, ladan samari biyar masu tsintsiya ne ya gagare ku?