Rigar Hakeem ta tagulla da dogayen yaranmu

Ranar Asabar na bi ta gaban Toyota Center, inda ƙungiyar Rockets ke buga ƙwallon kwando a tsakiyar birnin Houston na Amurka. A bakin ƙofa akwai wata ƙatuwar riga ta tagulla mai lamba 34, ta fi mutum tsawo nesa. Riga ce kawai, ba kai ba fuska. Wani yaro ya tambayi kakansa, dattijon Bature, ina mutumin yake. Tsohon ya ce mai rigar Musulmi ne, bai yarda a sassaƙa surarsa ba, shi ya sa aka yi haka. Ko a jikinsa ya faɗa, suka wuce. Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai.

Mai rigar Hakeem Olajuwon ne, haifaffen Legas a 1963. Tun 2008 aka kafa rigar. Abin da ya fi sosa mini rai shi ne, wannan bawan Allah a Sakkwato ya fara buga gasar ƙwallon kwando, a wasannin kwalejojin horar da malamai, yana ɗan kimanin shekara 15. Kafin nan ƙwallon hannu yake yi, da tsaron gida a ƙwallon ƙafa. A ƙasarmu aka gano shi, amma Houston ce ta ci moriyarsa.

Ya sauka nan a 1980, Jami'ar Houston ta ɗauke shi ƙarƙashin koci Guy Lewis. Shekarar farko ko wasa ɗaya bai buga ba, kuma ba wanda ya kore shi. Aka bar shi ya ci ya ƙoshi, ya yi ƙarfi, lokacin hutu yana gwabzawa da fitaccen ɗan wasa Moses Malone a ɗakin wasa na Fonde. Sau biyu suka kai wasan ƙarshe na jami'o'in Amurka, 1983 da 1984, duka suka sha kashi. Duk da haka a 1984 shi aka fara ɗauka zuwa NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, Rockets ce ta ɗauke shi, Michael Jordan na uku.

Jama'a, sai kun ga yadda suke yi da wasan makaranta a nan. Sakandaren unguwarmu tana da ɗakin wasa mai daɓen katako yana sheƙi, da na'urar sanyaya ɗaki, da allon lantarki mai nuna maki. Daren wasa iyaye ke cika kujeru, 'yan badujalar makaranta suna busa, iyaye mata suna sayar da abin taɓawa don tara wa ƙungiya kuɗi. Masu farautar 'yan wasa daga jami'o'i suna zaune a lungu suna rubuce-rubuce. Wanda ya yi fice, jami'a ta ɗauki nauyin karatunsa, ɗakinsa da abincinsa, da sharaɗin in ya faɗi jarrabawa ba zai taka fili ba. Watan Maris kuwa har a wurin aiki hirar gasar jami'o'i ake yi.

Kuma duk wannan bai raba Hakeem da addininsa ba. Ya ci kofin NBA a 1994 da 1995. A Fabrairun 1995 da azumi a bakinsa yake wasa, kuma shi aka zaɓa gwarzon watan. Har yau ba wanda ya kamo shi a tare ƙwallo, 3,830. Tsohon ginin banki ya saya a tsakiyar gari ya mayar masallaci, ana Juma'a a ciki.

Ba na cewa nan aljanna ce. Shekaru da yawa jami'o'i suka yi suna kwasar miliyoyi da gumin yaran nan, yawancinsu baƙaƙe, sai 2021 aka bar su su ci kuɗin sunansu. A 1996 an dakatar da Mahmoud Abdul-Rauf, ɗan wasan ƙungiyar Denver a NBA, don ya ƙi miƙewa a yi taken ƙasa. Kuma ranar da na tuna Hakeem da rigar Amurka ya ci zinare a Atlanta a 1996, raina yakan ɓaci. Amma wa zan ga laifinsa? Me muka tanadar masa?

Muna da Kano Pillars ta ƙwallon kwando, ta sha cin kofin ƙasa, amma mutum nawa ne cikinmu ya taɓa zuwa kallonsu? Dogon yaro a gida sai tsokana, da aiken ciro kaya daga saman sif.

Ɗan yayana yana aji biyar na sakandare, sai ya sunkuya yake shiga ɗaki. Na aika masa takalmi da ƙwallo, Yaya ya kulle su a akwati. Da na kira, cewa ya yi: "Kai da ka tafi ka bar mu da Inna, kai ne za ka koya mini tarbiyya? Ƙwallo aikin marasa aikin yi ne." Na kawo masa zancen Hakeem da masallacinsa, ya ce wancan ai Bayarabe ne. Na ce to Sakkwato fa? Ya ce in ina son yaron ya yi ƙwallo, in dawo gida in riƙa kai shi fili da kaina, daga nan ya miƙa wa Inna wayar. Ita ba ruwanta da ƙwallo, so take ta ji ko da mu za a yi Babbar Sallah bana. Na ce mata in Allah ya yarda, kamar yadda na ce bara.