Digirin digirgir a fannin kare sirrin bayanai: a Turai aiki ne mai albashi

Duk wanda manhajar ba da rance ta taɓa turo wa saƙo tana kiran ɗan'uwansa ɓarawo, don kawai lambarsa na cikin wayar wanda ya ci bashin, ya san zafin keta sirri. Najeriya ta yi dokar kare bayanai a Yunin 2023, ga kuma hukumar NDPC mai kula da aiwatar da ita. Amma injiniyan da ya rubuta manhajar ne ya yanke cewa za ta kwashe lambobin da ke wayarka, kuma shi ne zai iya gina ta yadda ba za ta taɓa su ba. Irin wannan injiniyan muke da ƙarancinsa.

Ana horar da su a Turai, har ana biyansu. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wato GDPR, da ta fara aiki a Mayun 2018 ta wajabta, a sashe na 25, a saka kariyar bayanai tun daga zanen manhaja. Bincike a kan yadda za a yi hakan shi ne aikin wurare kamar cibiyar CISPA a Saarbrücken, da cibiyar Max Planck ta tsaro da sirri a Bochum, duk a Jamus, da jami'ar KU Leuven ta Beljiyam. Daga Beljiyam ɗin ne Joan Daemen da Vincent Rijmen suka fito da tsarin ɓoye bayanai da Amurka ta amince da shi a 2001 da sunan AES.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda matasanmu masu digiri na biyu a kimiyyar kwamfuta ke zaman jiran tallafin gwamnati, alhali a Holand da Suwidin yawancin masu karatun digirin digirgir ma'aikata ne, da kwantiragi da albashin wata. Shirin Marie Skłodowska-Curie na Tarayyar Turai, mai biyan masu karatun digirgir albashi, ɗan kowace ƙasa zai iya nema, muddin bai yi digirgir ba tukuna, kuma bai zauna a ƙasar da zai je fiye da wata 12 ba cikin shekara uku da suka wuce. Ana tallata guraben a shafin EURAXESS.

Gasar kuwa da zafi. Farfesa ba ya ɗaukar mutum don ya ce yana sha'awar fannin. Yana son ya ga manhajar da ka rubuta a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, da kundin digirinka na biyu, da shaidar ka karanta takardunsa biyu ko uku har ka gano inda suka tsaya. Wasiƙa ɗaya da aka tura wa malamai da yawa lokaci guda, daga layin farko ake gane ta.

Na san za a ce waɗanda suka tafi ba sa dawowa. Wasu kam ba za su dawo ba. Amma ƙasar da ta tara bayanan miliyoyin mutane a NIN da BVN dole ta samu masu iya bincika tsaron waɗannan rumbuna, kuma hana su fita ba zai samar mana da ko ɗaya ba. Sassan kimiyyar kwamfuta na ABU da BUK su fara sa ɗaliban digiri na biyu aikin bincike a kan manhajojin rance da na banki da ake amfani da su a nan, domin irin wannan kundin ne ke buɗe ƙofa a can.