Wanda yake ciyar da tsuntsu a ruwan kanwa

Assalamu alaikum warahmatullah, 'yan uwana Musulmi.

Yau sati biyu da dawowata Kano daga ƙasar Kenya, amma abin da idona ya gani a can ya ƙi barin zuciyata. Harkar kasuwa ce ta kai ni Nairobi. Da na gama abin da ya kai ni, sai mai masaukina ya ce, "Alhaji, ba za ka koma gida ba sai ka ga tafkunanmu." Hankalina yana kan shago, na so in ba shi haƙuri, amma ya nace. Allah ya saka masa da alheri da ya nace.

Da tafkin Naivasha muka fara, wajen kilomita 90 daga Nairobi. Muka shiga kwale-kwale da hantsi. Ga dorina nan birjik, ba ka ganin komai nata sai idanu da kunnuwa da ƙofofin hanci a saman ruwa. Matuƙin jirgin ya ce a ruwa suke yini, sai dare ya yi su fito kiwo, kuma guda ɗaya tana cin ciyawar da ta kai kilo 40 kafin gari ya waye. Duk wanda ya taɓa turke ragon layya a Kano ya san kuɗin harawa da dusa na wata ɗaya. Wannan ƙatuwar halitta kuwa ba ta da gona, ba ta da rumbu, ba mai yi mata yankan ciyawa, ga ta nan a ƙoshe.

Amma inda jikina ya yi sanyi shi ne tafkin Nakuru. Ruwansa na kanwa ne, ba ya shayuwa. A ganina wuri ne da babu abin da zai rayu a ciki. Sai ga wasu tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da dogon wuya, kalar ruwan hoda, waɗanda ake kira filamingo, suna tsaye a bakin ruwan. Na daɗe ina kallon guda ɗaya. Ta sunkuyar da kai, ta kifa bakinta cikin ruwa, tana tace shi kamar yadda uwargida take tace gasara a rariya. Wata irin gansakuka ce ƙanƙanuwa da ido ba ya gani sosai take ci, kuma ita ce take ba gashinta wannan kalar. Subhanallah! An halicci abincin a wurin da kowa ya ƙi, an kuma ƙera bakin da ya dace da shi.

Nan ayar Suratul Ankabut ta faɗo mini: "Wa ka'ayyin min dabbatin la tahmilu rizƙaha, Allahu yarzuƙuha wa iyyakum." Dabbobi nawa ne ba sa ɗauke da arzikinsu, Allah ne yake azurta su, da ku ma. Tun ina makarantar allo nake karanta ta. Ban taɓa jin nauyin "wa iyyakum" irin na ranar ba. A hanyar fita muka wuce ɓauna, carki yana bayanta yana cire mata kaska. Shi ma an ajiye masa nasa a jikin wata.

'Yan uwa, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Ana cikin tsanani a garin nan, babu mai musu. Magidanci yana fita da asuba bai san abin da zai bari na cefane ba. Amma tsoron gobe ya fara cin imaninmu. Wani ya buge gindin mudu don ya rage loma biyu daga hatsin talaka. Wani ya cika sito da masara ya garƙame, yana jiran ta yi tsada a kan maƙwabcinsa. Wani ya rantse da Allah a kan yadin da ya san ba shi ne asalin ba. In ka yi magana a ce maka, "To Malam, ya za mu yi? Iyali ne." Kamar Wanda ya ba ka iyalin ya manta da bakinsu.

Kada kuma wani ya ɗauka ina cewa a kwanta a majalisa ana jiran arziki ya yi sallama. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce da mun dogara ga Allah haƙiƙanin dogaro da ya azurta mu kamar yadda yake azurta tsuntsaye, suna fita da safe da yunwa, su dawo da yamma a ƙoshe. Tirmizi ne ya ruwaito. A lura, fita suke yi. Mai yi mana jagora ya ce tsuntsayen Nakuru sun fi haka yawa a da. Da ruwan tafkin ya ƙaru, kanwarsa ta tsinke, abincinsu ya ragu, sai da yawansu suka tashi suka koma tafkin Bogoria. Ba su zauna suna kuka ba, ba su kuma ƙwace na wani ba. Sun buɗe fiffike sun nemi inda aka ajiye musu rabonsu.

Jiya bayan sallar asuba na tsaya a ƙofar masallacin unguwarmu, sai ga balbelu sun jero a sama sun nufi bayan gari, babu mai ɗauke da guzuri a cikinsu. Limaminmu ya ga na ɗaga kai, ya ce, "Alhaji, lafiya?" Na ce, "Lafiya lau, Malam, 'yan kasuwa nake kallo sun riga mu fita." Daga nan na wuce na buɗe shago, na tara yarana na ce musu daga yau duk yadin da yake da tabo a nuna wa mai saye tabon kafin a faɗi kuɗi.