Fatarki ba ƙazanta ba ce da za ki kankare

Jama'a, akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, yau dai sai na faɗa. Wata ƙanwata ta zo mini fuskarta ta yi ja, kumatunta na sheƙi kamar an shafa musu leda, ko ruwa ya taɓa ta sai ta ce zafi. Na tambaye ta me ya faru, ta ce wai matacciyar fata take cirewa. Safe da dare take dirza da soso mai kaushi, ta bi da wani mai da aka ce yana sa fata saɓa cikin kwana 3. Wallahi sai da tausayinta ya kama ni, domin garin neman ƙiba ta samo rama.

Ita fatar nan tana sabunta kanta ba tare da an tura ta ba. A can ƙasan shimfiɗarta ta sama akwai layin ƙwayoyin halitta da ke rabuwa biyu dare da rana. Sabuwa ta fito ta tura tsohuwa sama. A kan hanyar hawan, ƙwayar tana cika da sinadarin keratin, irin wanda ke cikin farce da gashi, tana baje, har ta mutu. Daga haihuwarta zuwa faɗuwarta kusan mako 4 ne ga matashi, kuma yana ƙara tsawo yayin da shekaru ke ja. Ki ja farce a hankali a kan busasshen hannunki, farin layin nan da kike gani su ne waɗanda suka gama aikinsu.

Abin da mutane ba su gane ba shi ne, matattun ƙwayoyin nan su ne katangar jiki. Sun jeru hawa 15 zuwa 20, kamar tubali, da maiƙo a tsakaninsu a matsayin siminti. Su ke hana ruwan jiki tsere, su ke tare ƙwayoyin cuta daga waje. Idan kika kankare su da ƙarfi, kin yaye rufi kin bar ƙwayoyin da ba su nuna ba a fili. Sheƙin da ke biyo baya, wanda wasu ke murna da shi, sheƙin ɗanyen rauni ne. Ga mu masu duhun fata kuma abin ya fi muni, don duk inda fata ta fusata ƙwayoyin da ke yin launi sukan zuba melanin da yawa a wurin, tabon da ake son gogewa sai ya ƙara baƙi.

Masu ɗokin a hanzarta, su dubi cutar soriyasis. A cikinta ƙwayoyin kan yi wannan tafiya cikin 'yan kwanaki maimakon makonni, sai su taru su yi ɓawo mai kauri da ƙaiƙayi. Saurin ke nan da ake nema?

Wanda ya fi ɓata mini rai shi ne man shafawar da ake haɗawa a ɓoye da zaiba ko sitiroyid, wato wani magani mai ƙarfi na rage kumburi. Sitiroyid yana rage rabuwar ƙwayoyin ne, ya sirantar da fata har jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito, ciwo ya ƙi warkewa da wuri. Zaiba kuwa tana ratsa fata ta je ta taɓa ƙoda. Mai sayarwa ba zai gaya miki ba.

To me ke taimaka wa fata da gaske? Shimfiɗar nan ta sama ba ta da jijiyar jini ko ɗaya, daga ƙananan jijiyoyin jini da ke ƙasanta ake ciyar da ita. Saboda haka abin da kika ci ya fi abin da kika shafa kusa da sababbin ƙwayoyin: furotin na gini, bitamin C na haɗa kolajin mai ƙarfafa fata, bitamin A da zinki. Taba sigari tana matse waɗannan ƙananan jijiyoyi, barci kuma lokacin gyara ne. A wanke da sabulu mai laushi da ruwa mai ɗumi kaɗan, a shafa mai tun jiki da sauran danshi, a kare fuska daga zafin rana, domin haskenta yana lalata ƙwayoyin tun daga tushe, kuma duhun fata bai hana hakan gaba ɗaya ba.

Ban ce kowane magani banza ne ba. Likitocin fata suna ba da retinoyid, wani magani dangin bitamin A, don kuraje, kuma yana aiki, amma da awo, ana jiran mako 8 zuwa 12 kafin a ga canji, kuma mai juna biyu ba ta amfani da shi.

Ƙanwar tawa ta ajiye soson da man, ta je ta ga likita. Mako 2 na farko ta yi ta ƙorafi cewa ba ta ga komai ba. A mako na 6 ta wanke fuska a gabana, ta ɗago tana dariya, ta ce, "Yaya, yau ruwa bai yi mini zafi ba."