Uku, Huɗu, Albarka

A Rijiyar Zaki, an kafa turaku an ja igiya za a haƙa tushen gida. Alhaji ya rufe shagonsa na Kantin Kwari ya zo ganin aiki, tare da ɗan ƙanwarsa, Ɗan Boko.

Ɗan Boko: Kawu, kusurwar nan kamar ta karkace.

Magini: Yaro, shekara 30 ina gini tun daga Zariya. Idona ne sukwayata ta auna kusurwa.

Alhaji: Shi ya sa lungunan Zazzau ko akuya sai ta yi kwana uku kafin ta fita. Auna mana, ɗana.

Ɗan Boko: Miƙo tef. Daga turken nan, ƙafa 3 a wannan igiya, ƙafa 4 a waccan. In kusurwa ta zauna daidai, tsakanin alamun biyu ƙafa 5 ne cif.

Alhaji: In ji wa?

Ɗan Boko: Fitagoras, mutumin Girka, shekara 2,500 ke nan. Mutanen Babila ma sun riga shi sani.

Magini: Ya taɓa ɗora bulo a Kano?

Ɗan Boko: Uku sau uku 9, huɗu sau huɗu 16. A haɗa, Kawu?

Alhaji: 25. In dai lissafi ne kada ka gwada ni.

Ɗan Boko: To biyar sau biyar ma 25. Haka 6, 8 da 10, haka 5, 12 da 13. Malam, ja tef. Nawa ka gani?

Magini: (ya yi tari) Shida... amma tef ɗin ya sha rana.

Ɗan Boko: Shida sau shida 36. Ina 36, ina 25?

Alhaji: To a sasanta mana. Kai ka hau, shi ya sauko, a tsaya a 30.

Ɗan Boko: Albarka, Kawu.

Alhaji: Kai! Ko shadda ana ragi, balle igiya. Bazazzagi, ka cuce ni! Sai in sa gado a ɗaki ya ƙi jingina da bango?

Magini: Ranka ya daɗe, tambaye shi ina ƙarin ya tafi.

Ɗan Boko: Tunda ya wuce 25, kusurwar ta buɗe ke nan. Katangar ta fita waje, ta shiga filin maƙwabci.

Alhaji: Ta shiga... wato ni na ƙaru?

Ɗan Boko: Eh, amma...

Alhaji: (ya gyara zaman hula) Ɗana, bokon nan yana sa ku raina manya. Mutum shekara 30 yana gini! Shi Fitagoras ɗin nan ma wa ya san asalinsa? Malam, haƙa abinka. Af, filin na waye?

Magini: Na wani soja ne. An ce gobe zai zo daga barikin Bukavu ya duba.

Alhaji: Tuge turken! Uku, huɗu, biyar! Ɗana, in da hali ma a yi huɗu da rabi.