Girafait: rami a Mozambik, ciniki a hannun Sin

A lardin Cabo Delgado da ke arewacin Mozambik akwai wani gari mai suna Balama. Can kamfanin Syrah Resources na Ostireliya ya buɗe ɗaya daga cikin manyan mahaƙan girafait na duniya, wadda aka gina don ta riƙa fitar da tan 350,000 a shekara. Girafait dai shi ne baƙin nan mai sulɓi da ke cikin fensir, sai dai yanzu batirin motar lantarki ya shigo neman sa gadan-gadan. Mota guda takan ci kilo 50 ko fiye, nauyin da ya ninka na litiyam ɗin da ake ta yayatawa.

Wanda ya ji haka sai ya ce Balama ta tsinci dami a kala. Ina! Tun da aka fara haƙa a ƙarshen 2017, babu shekarar da aka kai wancan adadi. A 2020 korona ta tsayar da aiki. A 2023 farashi ya faɗi har aka koma yi ana hutawa. A ƙarshen 2024 kuma manoman da aka tasa daga gonakinsu suka tare hanya, rikicin bayan zaɓe ya zo ya ƙara dagula lamarin, injina suka yi wata da watanni a kashe.

Ni a ganina, ko da babu zanga-zanga ciwon yana nan. Abin da ke fitowa daga Balama, a ɗura a buhu, a loda wa manyan motoci zuwa tashar jiragen ruwa ta Nacala, bai isa shiga batir ba. Sai an niƙa shi an mulmula ƙwayoyinsa, a nan ma wajen rabi ke zubewa. Sai a wanke da asid mai ƙarfi har tsarkinsa ya kai kashi 99.95 cikin ɗari, sannan a yi masa rufi. Mai haƙa tamkar manomin da ke sayar da shanshera ne, riba tana wurin mai injin casa. Injin kuwa na Sin ne: fiye da kashi 90 cikin ɗari na girafait ɗin da aka gyara don batir daga can yake fitowa, ga shi ita ke haƙo kusan kashi uku cikin huɗu na ɗanyen.

Akwai kuma kishiyar da masu kwaɗaita wa mutane hannun jari ba sa son ambata, wato girafait na haɗi. Daga dagwalon matatar man fetur ake yin sa, a gasa da zafin da ya kusa digiri 3,000. Da can tsada ce ta hana shi sakewa. Da masana'antun Sin suka yi yawa suka karya farashi, sai masu batir suka karkata gare shi, har ya zama shi ne mafi rinjaye.

To me ya hana mahaƙan wajen Sin mutuwa? Tsoro. Daga 1 ga Disambar 2023 Beijing ta ce sai da izini za a fitar da wasu nau'o'in girafait, hankalin Amurka da Turai ya tashi. Gwamnatin Amurka ta ba Syrah rancen dala miliyan 102 don masana'antarsa ta gyaran girafait da ke Vidalia a jihar Louisiana, wata hukumarta kuma ta amince da miliyan 150 don Balama. Amma ita Amurkar ce a 2024 ta ɗage wa girafait ɗin Sin ƙafa a dokar tallafin motocin lantarki, don ta san babu madadinsa a kusa.

Saboda haka buƙata za ta ƙaru, wannan ba gardama, amma sababbin ramuka irin na Mahenge a Tanzaniya da Molo a Madagaska za su fi dogara da siyasar manyan ƙasashe fiye da kasuwa. Gwamnati ta sauya a Washington, lissafi ya sauya.

Masu cewa a tilasta wa kamfanoni su gyara ma'adinin a gida ina tare da su, da sharaɗin a fara kawo wuta. Wannan sana'a lantarki take sha ba kaɗan ba. Mozambik tana da madatsar Cahora Bassa, amma mafi yawan wutarta Afirka ta Kudu ake sayar wa, ita kuwa mahaƙar Balama da janaretocin dizal da farantan sola take aiki.